Ranar da na bar wasiyya a gonar Malam Idi

Ba zan taɓa mantawa da damanar da likita ya nuna mini zuciyata ba. A Damagaram ne. Ya shafa mini wani mai mai sanyi a ƙirji, ya juyo da allon na'urarsa. Sai ga wata ƴar ƙofa tana buɗewa tana rufewa, ba hutu. Na ga teku a Lome, na ga taron Arfa, amma ban taɓa ganin abin da ya ɗaure mini kai irin wannan ba. Shekara saba'in tana wannan aiki a cikina, ko sannu ban taɓa yi mata ba.

Likita ya ce ƙofar ba ta rufewa sosai, jini kaɗan na komawa baya. Ni kuwa na ce ya yi mini bayani da Faransanci (don ya san ba a Matameye kaɗai na tsufa ba). Ya yi ta bayani, ina gyaɗa kai. Wallahi daga "zuciya" ban ƙara jin komai ba.

Da na dawo gida na zama ƙwai. Masallacin da ke bakin layinmu sai da kabu-kabu. Buta ma matata Hajiya ke miƙo mini. Tsorona ɗaya: in yi motsi mai ƙarfi, ƙofar ta ɓalle.

Ana haka abokina na ƙuruciya, Malam Idi, ya kira gayya a gonarsa ta Kurni. Na je da niyyar zama a inuwa in sa albarka. To, ka san gayya: in makaɗi ya kira kirarin ubanka, ba ka da zama. Ya kuwa kira na babana, har da na kakana. Kafin in yi tunani na ji hauya a hannuna.

Kunya ɗaya na nome. Ɗaya tak! Sai na ji ƙirjina na dukan tara-tara. Na ce shi ke nan, ta ɓalle. Na kwanta a tsakiyar gero, na fuskanci alƙibla, na yi kalmar shahada da ƙarfi. Kiɗa ya tsaya, mutane suka kewaye ni.

"Idi," na ce, "ka yafe mini. Zabuwarka da ta ɓace muna yara, ba muzuru ba ne. Ni ne. Mun gasa ta a bayan rijiya."

Cikin matan da suka kawo fura akwai ƴar Idi, Rabi, ma'aikaciyar jinya ce. Ta durƙusa ta kama wuyan hannuna, tana duban agogonta.

"Baba, akwai ciwo a ƙirjin? Jiri fa? Numfashi na tsukewa?"

"Babu."

"To wannan bugun wanda ya yi noma ne. Saurara ma ka ji."

Na saurara. Ikon Allah! Da kanta zuciyar take saukowa, a hankali a hankali, kamar doki ya iso gida. Ba wanda ya ba ta umarni. Ina kwance cikin ƙasa, kunya ta rufe ni, amma hawayen da suka zubo mini na mamaki ne.

Idi ya sunkuyo. "Tashi, ɓarawon zabo. Mutuwar ma ta ce ba ta ɗaukar ka sai ka gama kunyarka."

Rabi ta matsa mini na koma wurin likita. A wannan karon da Hausa na ce a yi. Ya ce ai tun farko ya faɗa mini: in riƙa tafiya kullum, in yi aiki daidai ƙarfina, in tsaya in na ji ciwo ko jiri, in riƙa zuwa awo.

Yanzu da ƙafa nake zuwa masallaci, har in zarce kasuwa. Amma daga Kurni har Matameye babu mai kirana Alhaji kai tsaye, sai an haɗa da zabo. Na dai koyi abu biyu: a bar likita ya kai ƙarshen magana, kuma kada a tona asirin kai sai an tabbata tafiyar ta zo.