Rashin Kwamfutar Gidan Mai Walda

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hancin da har yanzu bai rabu da ƙaurin waya ba, Mai Walda da iyalansa suna sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan sana'a rasuwar kwamfutar gidansu. Rai ya yi halinsa a kan teburin falo, a gaban shaidu, ciki har da mutum ɗaya da Mai Walda ya so a ce ba ya nan.

Marigayiyar ba 'yar kwali ba ce. Gaɓa-gaɓa aka tattaro ta, Mai Walda ya haɗa ta da hannunsa. Kuma tunda sanarwar mutuwa ba wurin ɓoye-ɓoye ba ce, sanadin zuwanta duniya shi ne Kawu. Kawu ƙanin Maman yara ne, ma'aikacin ofis, gidansa na ƙarshen layi, yana da kwamfuta mai gilashi a gefe da fitilu masu canja launi kamar shagon aski. 'Ya'yan Mai Walda biyu, Gimbiya da Auta, da sun jefar da jakar makaranta sai gidan Kawu. Uban ya dawo aiki da ƙurar ƙarfe har a gira, ya tarar da falo wayam. In sun dawo kuma hirar ɗaya ce: Kawu ya ce, Kawu ya yi, Kawu ya ci tseren mota a wasan kwamfuta. Wanda ya ƙera wa Kawun ƙofar gida da tagogi kuwa, ko a tari ba a ambatonsa. Kishi ya ci Mai Walda, ci ba na wasa ba. Yaransa yake so su dawo falonsa.

Da Kawu ya ji niyyar, sai ya ce, "Yaya, bari in raka ka kasuwa. Kayan nan sai jininsu ya haɗu."

"Suruki," in ji Mai Walda, "ƙarfe ne ko ba ƙarfe ba?" Ya tafi shi kaɗai.

A yi masa adalci, da farko ya bi a hankali. Mai shago ya nuna masa cewa furosesa, wato ƙwaƙwalwar, ba ta zama sai a babban allon da aka yi mata gurbi a kai, ya yarda. Ya nuna masa ram ma, wato inda kwamfuta ke riƙe aikin da take kai, zamani-zamani ce, in ba ta gidan ba ce ko da guduma ba ta shiga, ya yarda, duk da maganar guduma ta ɗan sosa masa rai. Inda shaiɗan ya shigo shi ne katin hoto, wanda ke fitar da wasa tar a allo. Tambaya ɗaya ya yi: wanne ya fi na Kawu? Aka miƙo masa wani ƙato, tsawon damtsen hannu, mai fanka uku. Na Kawu biyu gare shi. Da aka zo kan tukunyar wuta, mai raba wa kowace gaɓa lantarki, mai shago ya ce wannan kati ci gare shi, sai babbar tukunya. Mai Walda ya ce yana da wata tsohuwa a tarkacen shagonsa. Wuta ai wuta ce, a bakin wanda ke wuni cikin tartsatsi.

A gida katin ya ƙi shiga akwatin kwamfutar. A wurin mai walda babu abin da ba ya shiga. Ya ɗauko injin yanka ƙarfe ya buɗe wa akwatin ciki, ya goge bakin, ya shafa fenti. Katin na neman wayar wuta biyu, tsohuwar tukunya ɗaya take da ita. Ya tsaga ɗayar gida biyu, ya ɗiga dalma, ya naɗe da baƙin salatif. Wallahi aikin ya yi kyau, ko maƙiyi ya gani sai ya yaba.

Marigayiyar ta yi rayuwa gajera mai albarka. Takan farka da "tiit" ɗaya, cikin ladabi, sannan fankokinta su ɗauki "fuuu" a hankali. Ba ta taɓa gajiya da aikin makarantar Gimbiya ba. Ta nuna wa Maman yara fuskar yayarta da ke nesa, ba dishi-dishi. Falo ya cika. Mai Walda ya fara rufe shago da sauran rana, ya zauna Auta na koya masa tuƙi yana ta kai wa bango karo, yara na dariya har da riƙe ciki. A ɗaya daga cikin waɗannan yammacin ne Auta ya ce, "Baba, tamu ta fi ta Kawu." Mai Walda ya juya yana gyaran labule, don kada a ga idonsa.

Jinyar ta fara da tari. Duk lokacin da wasa ya yi zafi sai a ji "ƙir-ƙir", allo ya yi baƙi, ta sume ta farfaɗo. Maman yara ta ce, "Baban Gimbiya, a kira ƙanina ya duba mana." Ya ce zafi ne kawai, ya juyo wa kwamfutar fankar ɗaki. Amma a ranar hutu shi da kansa ya gayyato Kawu, ba don dubiya ba, don ya zo ya ga fanka uku. Ya sa Auta ya ƙure ƙarfin hoton har ƙarshe. Motoci suka fito kamar a taɓa su. Kawu ya buɗe baki. Mai Walda ya gyara zama. Sai "ƙir-ƙir", sai "tau!", sai hayaƙi siriri. Tukunyar ta tafi, ta ja babban allon suka tafi tare. Kawu ya leƙa ciki, ya ga salatif, ya ce, "Sannu, Yaya." Da zagi ya yi da ya fi sauƙi.

Ta rasu ta bar allon kallo, kibod na rubutu, linzamin kwamfuta, ram, da furosesa da har yanzu ba a san halin da take ciki ba. Ta kuma bar katin hoto, ko ƙwarzane bai yi ba. Kawu, mai zumunci, ya nemi a ba shi riƙon marayan kafin gida ya farfaɗo, Maman yara ta amsa tun maigidan bai haɗiye yawu ba. An ce katin ya shige akwatin Kawu sumul, ba a yanka komai ba.

Za a naɗe gawar a tsohon bargo a kai ta wurin mai gyara gobe da hantsi, ya cire abin da zai ciru. Ana karɓar ta'aziyya a falon Mai Walda bayan an tashi aiki, kujeru sun wadata. Ana roƙon masu zuwa kada su tambayi yara: suna ƙarshen layi wurin duba maraya. Auta ya aiko cewa in Baba yana so ya zo, Kawu zai matsa masa ya yi tsere ɗaya. Mai Walda ya rantse ƙafarsa ba za ta taka gidan ba. Duk da haka masu ta'aziyya su daure su zo da wuri, don an gan shi yana goge takalmi.