Rasuwar Ɗan Rawaya, Koton Malam Falalu

Cikin baƙin cikin da ya cika zuciya har ya hana cin tuwo, Malam Falalu mai gyaran takalma na bakin kasuwar Miga yana sanar da dangi, da abokan zuwa kamun kifi, da duk wanda ya taɓa lasar romon kifi a gidansa, rasuwar koton fatsarsa, Ɗan Rawaya. Ya cika ranar Talata da hantsi a fadamar gabas da gari, yana da damina huɗu a duniya, bayan gajeriyar jinyar da hannun mutum ya jawo masa.

Marigayin ba tsutsa ba ne, ba kuma fara ba. Daga dunduniyar wani tsohon silifas Malam Falalu ya yanko shi, ya fafe masa baki kamar ludayi, ya soka masa ƙugiya, ya ɗaura masa jela da gashin zabo. Bai taɓa nutsewa ba. A saman ruwa yake kwanciya, in an fizgi zare ya ce ɓul, ya yi shiru, ya sake cewa ɓul. Kifi ya ɗauka wani ƙwaro ne ya faɗo, ya taso ya hadiye.

Launinsa kuwa ba tsintarsa aka yi ba. Damina guda cur Malam Falalu ya yi yana nema. Ya shafa fari, karfasa ta zo ta leƙa ta wuce. Ya shafa ja tun daga kai har jela, kwaɗi kaɗai suka kula shi, abokan kamun kifinsa suka yi ta dariya. Sai wata rana yana durƙushe a bakin ruwa ya lura da abin da ya daɗe a gabansa: kifi daga ƙasa yake kallo, ciki kawai yake gani. Ruwan fadama kuma in an yi ruwan sama jajir yake komawa, fari ɓacewa yake a cikinsa. Ya dawo gida ya shafa wa cikin rawaya mai haske irin ta ƙwaiduwa, ya bar bayan kore don idonsa shi ya riƙa hango shi, bakin kuma ya ɗiga masa jan farcen matarsa Luba. Ran nan da karfasa goma sha ɗaya ya shigo gida, da tsage guda.

Tun daga lokacin marigayi bai taɓa ba maigidansa kunya ba. Bai san rowa ba, bai san zaɓen ruwa ba. Haƙoran tsage sun bar masa tabo uku a gadon baya, bai fasa aiki ba. Watan da Luba ta haihu, shi ya riƙe tukunyar farfesu har aka yi arba'in.

Game da ciwon ajalinsa, mai sanarwa ya ce a faɗi gaskiya ko da za ta ɓata zumunci. Misbahu, ƙanin Luba, wanda bai taɓa kamo ko ɗan tarwaɗa da hannunsa ba, ya zo ranar Juma'a neman aro. Malam Falalu ya hana. Luba ta ce, "Haba Malam, kwana biyu ne fa. Ai ba cinye shi zai yi ba." Aka ba shi.

Ranar Litinin ya dawo da shi a cikin leda, yana murmushi. Shuɗi ne sumul, ciki da baya, har gashin zabon. Fentin ƙofa ya samu ya tsoma shi ciki, sau biyu, sannan ya ajiye shi gefen murhun mai shayi don ya yi saurin bushewa. Zafi ya lanƙwasa jikin, fenti ya cike bakin.

"Yaya, na gyara maka shi," in ji shi. "A waya na gani, shuɗi kifi suka fi so yanzu. Rawaya ta tsufa."

Malam Falalu ya karɓe shi. Ya wuni yana kankarewa da reza da kananzir, fatar marigayi na biyo fentin. Washegari ya kai shi ruwa ko iska za ta taimaka. Ya jefa, ya fizga. Maimakon ɓul, sai aka ji tsut, a hankali, kamar na mai jin kunya. Marigayi ya karkata gefe guda, ya nutse a karo na farko a rayuwarsa, ya maƙale a saiwa. Da aka shiga ruwa har ƙugu aka ciro shi, ya rabu biyu.

Ya rasu ya bar sandar gora, da zare, da gwangwanin tumatir da yake kwana a ciki. Ya bar yayyensa biyu da aka fara gwajin launi a kansu, Fari da Ja, waɗanda har yau ba su san hanyar arziki ba. Ya bar yaran maigidansa huɗu da suka koma miyar kuka zalla, babu kifi. Ya kuma bar Luba, wadda tun Talata ba ta ɗaga ido ta dubi mijinta ba.

Mai sanarwa yana so a sani cewa ya karɓi ƙaddara, amma bai yafe wa Misbahu ba. Daga yau takalmin Misbahu ko ya tsinke a ƙofar rumfarsa, sai dai ya ƙarasa Jahun da ƙafa a ɗinke masa. Duk wanda ya zo ba da haƙuri a madadinsa, ya sha ruwa ya koma.

Za a binne marigayin ranar Asabar bayan la'asar, a gindin giginyar bakin fadama. Ba za a yi salla ba, domin liman ya ce a raba shi da wannan magana. Ana roƙon masu zuwa kada kowa ya sa shuɗin kaya.

Babban baƙo shi ne Malam Abdulbaƙi na Aujara, dattijon da ya shekara arba'in yana sana'ar su, wanda Misbahu ke neman auren 'yarsa Mu'minatu. Tun makon jiya ya aiko yana tambayar Malam Falalu halin yaron, da yadda yake riƙe amana in an damƙa masa abu mai daraja. Malam Falalu ya ce ba zai ƙara ko kalma ɗaya a kan gaskiya ba. Gawar kawai zai buɗe wa dattijon ya duba, kafin a rufe.