Gangar Noman Gado da Akwatin da Ba Shi da Baki

A kakar 1976 riɗi ya nuna a gonakin kudu da Damazin, Gado Mai Lori kuma ya sanar da masu shan shayi a bakin kasuwa cewa bana ba zai roƙi ɗan ƙwadago ko ɗaya ba.

"Su za su roƙe ni," in ji shi. "Za su hau motata suna kuka, ni kuwa ina zaɓe kamar mai sayen raguna."

Kai da ba ka noma riɗi ba, bari in gaya maka halinsa. In ya nuna, ko ka yanke shi maza, ko ya tsage ya zubar da kansa ƙasa, tururuwa su yi maka godiya. Shi ya sa ranar kasuwa masu gonaki ke jera motocinsu suna zawarcin masu lauje. Bara, Attahiru, taubashin Gado, ya sa rikoda a motarsa, masu yanka suka bi waƙa suka bar Gado da lori fayau. Abin ya tsaya wa Gado a maƙogwaro shekara guda.

Saboda haka ya tafi Sinja, inda wani mai gidan silima ke sayar da kayan motar da yake yawon shela da ita. Nan ya ga lasifikar: baƙa, mai faɗin babban faifai, da maganaɗisu a bayanta mai nauyin dutsen niƙa. Irin wadda ba ta san siririyar murya ba, sai kauri, sai dukan da ake ji a ƙirji. Mai silima ya haɗa masa da wani akwatin ƙarfe.

"Wannan amfilifaya ce, ya hajji. Ƙarfin rikodarka kaɗan ne, ba zai motsa wannan ƙatuwar ba. Akwatin shi ke ƙara mata ƙarfi."

Gado ya juya akwatin gaba da baya. "Ina bakinsa?"

"Ba shi da baki."

"Abin da ba shi da baki shi za ya koya wa mai baki magana? Ya zol, bawan Allah, kakana makaɗin gangar noma ne a ƙasar Sakkwato. In ya doka ganga, ƙauyuka ke fitowa gayya, ba wani akwati gindinsa. Babba ba ya buƙatar mataimaki."

Kalmar ta yi masa daɗi, har ya maimaita ta a tasha, ya maimaita wa matarsa Huseina tun kafin ya cire takalmi. Akwatin kuwa, tunda kyauta ne, ya kai wa Attahiru a gaban jama'a.

"Ungo, taubashi. Ka riƙa yin weji da shi, tunda birkin motarka sai da addu'a."

Attahiru ya karɓa hannu biyu. Washegari aka gan shi a rumfar mai gyaran rediyo a Damazin, amma Gado bai tambayi dalili ba. Masu ilimi irinsa ba su cika tambaya ba.

Ana gobe kasuwa, da hantsi, Gado ya huda katakon bayan lori, ya ɗaure lasifikar da igiya, ya jona mata waya daga rikoda, ya kori kaji don kada ƙara ta kashe su. Ya danna. Baƙar fuskar ta ɗan motsa, ta ce "bub". Ta huta. Ta sake cewa "bub".

Huseina ta leƙo daga madafa. "Maigida, motar ce ko cikinka?"

"Mi kika sani? Sanyi ta sha a ɗakin ajiya, fata ta saki. Kawo min wuta."

Ya tuna yadda kakansa ke yi wa ganga. Ya hura wutar kara, ya kwance lasifikar, ya riƙa gasa ta yana juyawa don fata ta ɗame. Ya shafe ta da man riɗi. Ya mulmula danƙo ya manna a tsakiya, yadda ake yi wa ganga don murya ta yi zurfi. Aiki ne mai tsabta, kuma da fatar akuya ce da kakan nasa ya yi alfahari da shi.

"Wagga fata warin takarda take yi," in ji Huseina.

"Fatar Turai ce."

Da ya mayar da ita, sai "bub" ɗin ya samu ƙari: "bub-kurrr".

"Kin ji? Ta fara gyaran murya. Gobe ki toshe kunnuwa."

Ranar kasuwa masu yanka suka taru da laujensu, shugabansu Mati a gaba, wani dogo mai rawani wanda ba ya dariya sai an gama kaka. Labarin gangar Gado ya riga ya zaga.

"Mun ji batun," in ji Mati. "Lada ɗaya kuka sa, abinci ɗaya. Halas, shi ke nan, motar da ta fi ƙara ita za mu bi."

Attahiru ya ajiye lorinsa kusa da na Gado, da 'yan lasifikokinsa biyu da ba su fi murfin kwano ba. Ya danna. Waƙa ta tashi har mai shayi ya zubar da kofi. A ƙarƙashin kujerarsa, ɗaure da notuna, wejin nan ne ke zaune, wayoyi na fita daga gare shi.

Gado ya yi murmushin manya, ya murɗa rikodarsa har ƙarshe. Mati ya roƙi Attahiru ya kashe tasa, ya roƙi kasuwa ta yi shiru, ya kanga kunne jikin lasifikar.

"Wallai akwai abu a ciki," ya ce. "Kamar kurciya ta faɗa rijiya."

Rikoda ta yi zafi, ta gaji da jan abin da ya fi ƙarfinta, ta fara amayar da zaren kaset kamar taliya.

"Na gane!" in ji Gado. "Yunwa ce. Wagga 'yar rikoda ita ke cinye abincin a hanya. A ba babba nasa kai tsaye!"

Ya fizge wayoyin, ya buɗe akwatin batir, ya dangwala su a kai.

Sau ɗaya ta yi magana. "BUM!" Danƙon ya tashi kamar daga gwafa, ya ture rawanin Mati, ya manne masa a goshi. Jakuna suka tsinke igiya. Baƙin hayaƙi ya biyo baya, mai ƙamshin soyayyen riɗi.

Gado ya ɗaga hannuwa sama. "Kun ji? Kun ji?"

"Mun ji," in ji Mati, yana ɓamɓare goshinsa. "A ƙara."

Gado ya sake dangwalawa. Shiru. Ya dangwala da ƙarfi, ya ɗan dake ta da tafi. Shiru.

"Wadda ta fi ƙara munka ce, ba wadda ta yi atishawa ba," in ji Mati. Ya naɗa rawaninsa, ya hau motar Attahiru, jama'arsa suka bi shi har da masu maƙalewa a gefe. Attahiru ya leƙo ta taga.

"Taubashi, wejin nan naka kwayyis, ba dama. Ko sau ɗaya motar ba ta gangara ba."

Kafin masu yanka su gama da gonar Attahiru, ta Gado ta gaji da jira. Da rana tsaka shi da Huseina suka tsaya a cikinta, kwanson riɗi na tsagewa ta ko'ina, tas, tas, tas.

"Yi shiru ka saurara, maigida," ta ce. "Gonarka ta fi gangarka murya."

Suka duƙa da tsintsiya suna share abin da tururuwa suka rage. Da kwando ya cika aka rasa wani mazubi, Huseina ta mirgino lasifikar daga lori, ta kwantar da ita, ta cika ta da riɗi da ƙasa. Ta ɗauki nata kwandon. Gado ya kama bakin lasifikar, ya yunƙura, ya yi nishi, dutsen niƙan nan bai ko motsa ba.

"Ke, kama min in ɗora a ka."

Huseina ta gyara gammonta.

"Haba, maigida. Babba ba ya buƙatar mataimaki."

Ta kama hanyar gida.