Turaren Mama a Ɗakin Ɗankunya

Ba zan taɓa mantawa ba da makon da na kusa halaka baiwar Allah da ƙamshi. Har yau in abin ya faɗo mini sai na rufe fuska, ko da ni kaɗai ce a ɗaki.

Ina aji uku a jami'a, ina karantar kula da namun daji, aka tura mu Guangzhou zangon karatu ɗaya. (A gida kowa ya ɗauka saro kaya zan koyo. Da na ce dabbobi ne, kawuna cewa ya yi wato awakin unguwarmu sun yi mini kaɗan.) Ni aka kai ni wata cibiya a bayan Panyu, inda ake jinyar dabbobin da aka ƙwato daga hannun 'yan fasa-ƙwauri, aka sa ni sashen ɗankunya.

Ga wanda bai san shi ba, ɗankunya wata 'yar dabba ce mai ɓawo a duk jikinta, tururuwa da gara take ci, in ta tsorata sai ta dunƙule. Saboda ɓawon nan ake farautarta har ta kusa ƙarewa. Idonta ba ya gani sosai, da hanci take rayuwa. Wannan na ƙarshen na rubuta shi a jarrabawa da hannuna, har na ci maki.

Akwai wata mace da aka kawo a rame, aka sha wuya kafin ta yarda da abinci. Likitar da ke shugabantarmu, wadda muke kira Laoshi, wato malama, ta ce in nauyinta ya kai a ƙarshen wata za a mayar da ita daji, ɗalibai biyu su raka. In bai kai ba sanyi zai shigo, sai ta ƙara watanni a keji, kuma irinsu ba su cika jure keji ba. Ni dai na ƙwallafa rai a kan tafiyar nan, har na gaya wa Mama.

Dokar farko a cibiyar ita ce ba a fesa turare. Na sa hannu, kuma wallahi na daina. Sai dai korayen rigunan aikinmu warin abincin dabbar suke, markaɗen ƙwan tururuwa da tsutsa, warin da in ya kama mutum sai ya bi shi har cikin jirgin ƙasa. Wata Juma'a injin wankin ya tsaya, aka nemi mai gyara aka ce "mei yo", babu. Nan na yi wuf na ce a ba ni rigunan duka shida na wanko a masauki. (Neman suna ne, ba sai an gaya muku ba.)

Washegari na je Liwan gaida Hajiya Falmata, ƙawar Mama da ke zuwa saro wandunan jins. Ta ciro kilishi da yaji da wata kwalbar turaren wuta ta miƙo mini.

"Ungo 'yata. Mamanki ta ce kar ki zauna a ƙasar mutane kina warin akuya."

To, ni tun da na tashi ban taɓa ganin an ninke wanki a gidanmu ba a turara shi ba. A wurina wannan ba sa turare ba ne, ƙarasa wanki ne. Na jona kaskon lantarki a baranda, na kifa kwandon wanki a kai, na bi rigunan nan ɗaya bayan ɗaya, ciki da bai. Har ƙari na yi wa tawa.

Litinin Laoshi ta tafi duwatsu duba wurin da za a saki dabbar. Muka saka riguna muka shiga aiki. Lin, abokiyar aikina 'yar China, ta ce sabon sabulun nan da daɗi, na yi murmushi kawai ina jin kaina. Da yamma muka ajiye abinci, 'yar dabba ta leƙo da hanci, ta koma ta dunƙule. Talata haka, Laraba haka. Aka canja abinci, aka auna zafin ɗaki, aka duba kashinta, ba a ga komai ba, nauyi kuwa sai raguwa yake. Na damu ƙwarai, har ina daɗewa a gefenta don na lallashe ta, cikin rigar da ta fi kowacce shan hayaƙi.

Alhamis Laoshi ta dawo ta tara mu. Kowa ya yi tsit, sai ni uwar iya na miƙe. Na kawo batun ƙarar masu gini a maƙwabta, na kawo abin da na karanta, sannan na rufe da cewa a gaskiya ina zargin wani a cikinmu yana sakaci, ya kamata kowa ya binciki kansa. Har waige-waige na yi.

Laoshi ta dube ni. Ta taso a hankali, ta kama hannun rigata ta kai hanci. Ta saki, ta kama na Lin. Sannan ta tambaya cikin sanyin murya:

"Wa ya wanke rigunan nan?"

Maimakon na yi shiru, sai na ji bakina yana cewa, "Ai ba fesawa na yi ba." Ta ce to na bayyana musu abin da na yi. Haka na tsaya gaban mutum goma ina kwatanta kasko da kwando da hannu, ina juya rigar da babu ita a iska, wani ɗalibi har yana rubutawa. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da gudu zan shige.

Ba ta yi mini faɗa ba, kuma wannan ya fi ciwo. Aka kawo sababbin riguna, aka canja shimfiɗar ɗakin, ni kuma aka mayar da ni wurin markaɗen abincin dabbar. Kwana biyun nan ba addu'ar da ban yi wa dabbar nan ba. Ranar Asabar Lin ta shigo da kwano wayam, an lashe shi tas. Na zauna a kan bokiti na sha kuka.

Nauyinta ya kai, da ƙyar. Sunana dai bai fito a masu rakiya ba, kuma ban ga laifin kowa ba. A waya na kalli sakin, hannuna dumu-dumu da tsutsa: aka buɗe akwati, ta shinshina ƙasa, ta shige ciyawa tana rangaji abinta. Daɗin da na ji ya fi ƙarfin haushin kujerar da na rasa.

Tun daga nan, in zan yi wa wani alheri sai na fara tambaya ko yana so. In kuma taro ya yi shiru ana neman mai laifi, nakan fara shinshina hannun rigata kafin na miƙe.