Injiniya Lukuman da Kibiyar Auna Iska

Allah Ya yi wa Jos baiwa uku: sanyi, duwatsu, da Injiniya Lukuman, wanda 'yan unguwar Gada Biyu ke kira Mai Linzamin Iska. Kowa iska ke kaɗawa, shi kuwa sai ta nemi izininsa.

Akwai wani kamfanin sabulu a gefen unguwar, mai ajiye tukwanen gas mai guba. Aka ɗauko Injiniya ya lissafa inda gubar za ta bi in tukunya ta fashe, don jama'a su san inda za su gudu. Ya kafa kibiyar auna iska a rufin ofishinsa, ya sa aka rubuta sunansa da digirorinsa a jelarta, ya jona ta da kwamfuta.

Sai dai kibiyar ba ta da tarbiyya. Da iska ta juya sai ta bi ta, masu wucewa su kasa karanta digirorin. Abin ya sosa masa rai. Ya kira mai walda ya ƙamar da ita, rubutun na kallon titi. Tun daga ranar iskar Jos ta shiryu: rani da damina, kwamfuta yamma take cewa.

Ranar gwajin gudun tsira ya baje taswira, yamma ja wur, gabas kore shar.

"Jama'a, wannan kimiyya ce, ba bugun ƙasa ba," in ji shi, yana gyara hula. "Da kun ji jiniya, ku yi gabas. Ni na auna da kaina."

Madam Suzana mai tuwo ta ɗaga hannu. "Oga, in iskan ya canja fa?"

"Mama, bar wa masu ilimi."

Aka kafa rumfar manyan baƙi a tsakiyar kore, aka tara mata da yara a bayanta, aka cinna wa ɗanyen ganye wuta a bakin kamfanin a madadin guba. Hayaƙin, da yake bai je makaranta ba, ya miƙe gabas. Ya shiga rumfa ya gaida kowa ɗaya bayan ɗaya. Manya na tari, yara na kuka. Allah dai Ya sa ganye ne.

Injiniya ya nuna rufi, idanu jage-jage da hawaye. "Ku dubi kibiya! Hayaƙin ne ya ɓata hanya!"

Sannan ya tattare babbar riga ya zura yamma, cikin jan nan wur.

"Oga, can ne fa mutuwa!" Madam Suzana ta ƙwala masa kira.

Bai waiwayo ba. Ashe duk jikin Injiniya, ƙafa ce kaɗai ba a yi wa walda ba.