Bidiyon da Agogo Bai Fito Ba

"Lafiya lau, alƙaliya, sai dai kafin ki buɗe ƙofar nan har ruwa ya gama wanke ni."

"Ai ya taimake mu, Kaka. Rabonka da wanka tun Ista."

Haka mahaifina Hinnerk da 'yata Gesa suke gaisawa. Na daɗe da daina shiga tsakaninsu, don duk wanda ya shiga, a kansa suke haɗuwa. Asabar ce, tun safe ake ruwa, ga Baba ya shigo da rigarsa ta zuwa coci. Ina ganin rigar na san da magana a bakinsa.

Wata biyu ke nan da ƙungiyarmu ta wasan jera kofuna ta naɗa Gesa mai tantancewa. Duk wanda ya ce ya kafa tarihi sai ya kawo mata bidiyo ta duba, in ta yarda a rubuta sunansa a allon da ke bangon zauren wasa. Baba kuwa shekara uku yana ɓoye wani bidiyo. Shi da mahaifiyata Almut ne a wasan 'yan biyu na tsofaffi, inda ake tsayawa kafaɗa da kafaɗa, ɗaya ya sa hannun dama ɗaya na hagu, su jera kofi goma sha biyu su rushe. Wata huɗu bayan ɗaukarsa Mama ta rasu. Abu ɗaya yake so, ya ga sunanta a allon nan.

Ya dire faranti a teburin kicin, ya ajiye 'yar filas ɗin kwamfuta mai ɗauke da bidiyon kusa da shi.

"Ga kek ɗin tuffa, ga kuma tarihi. Fara da wanda kika ga dama."

"Toshiyar baki tun ban buɗe bakin ba?"

"Wa zai iya toshe wannan bakin? Ko gidan burodin aka juye miki sai an ji ki."

"Daƙiƙa nawa kuka yi?"

"Goma sha uku da ɗigo takwas."

"Kai? Kai da kake fin haka kana neman hannun riga?"

"Ke 'yar nan, kiyaye ni. Ni na koya miki wasan nan da robobin yogot a kan teburin nan, kina rusawa kina kuka, majina har haɓa."

"Kuma ka koya min ba daidai ba. Shekara biyu malami ya yi yana kankare abin da ka liƙa min. To me ya hana ka kai wa wanda na gada?"

"Wancan? Mutumin da ko dariya zai yi sai ya duba littafin doka? Na ce bari in jira jinina ya hau kujera."

"Ka jira wa kanka bala'i, tsoho."

Ta buɗe kwamfuta ta kunna. Ni da na zo zuba shayi, sai ga Mama a gabana da koriyar rigar sanyinta, tabarau a kan hanci, ta ciji leɓe kamar yadda take yi in tana sa zare a allura. Kewarta ta taso min har sai da na ajiye butar. Kofuna suka tashi suka sauka, ta kai hannu ƙasa wajen tabarmar wasa mai tsayar da agogo, ta ƙwala ihu: "Sha uku da takwas!" Shi ke nan, bidiyo ya ƙare.

Gesa ta juyo a hankali.

"Kaka, ina agogon?"

"Yana nan mana, a bakin tabarma."

"Ina tabarmar ma? Daga gashin Kaka Almut zuwa kofuna kaɗai nake gani. Wa ya kafa kyamarar?"

"Ni."

"Ai na sani. Kai ma hannunka da rabin kunnenka ne suka fito."

"Su ne suka fi kyau a jikina."

"Shekara nawa kana wasan nan, ba ka san agogo ake saitawa ba? Ka je ka saita matarka!"

"To ke in aka ba ki zaɓi tsakanin fuskar nan da akwatin lambobi, me za ki ɗauka? Kuma ai kin ji ta faɗa da bakinta."

"Da bakinta kuma ta ce duk garin nan babu kyakkyawa kamarka. Ba a karɓar shaidarta."

"Ja'ira! To ƙirga da agogon kwamfutarki."

"Doka ta ce agogon tabarma, a fili, daga ɗaga hannu zuwa sauke shi."

"Dokar uban wa? Jinin Almut ne a jikinki ko tawadar littafi?"

Gesa ta sha mur, amma ni na haife ta, na ga yadda take murɗa zoben yatsanta. Ta ce bari dai ta duba hannuwan, tunda aikinta ne ta ga ko wani ya sa hannun da bai kamata ba. Ta mayar da bidiyon farko, ta rage gudunsa, kofuna suka riƙa tafiya sannu-sannu kamar a cikin ruwa.

A nan muka ga abin da ba mu taɓa gani ba. Ana tsakiyar jera dala, Mama ta ɗaga ido daga kofunan, ta dubi gefen da Baba yake, ta yi murmushi, ta koma kan aikinta. A gudun gaske ko ƙiftawar ido bai kai ba.

Baba ya riƙe gefen tebur. "Tsaya. Koma baya."

Ta koma.

"Kin gani? Ni ta kalla."

"Dubawa take ko ka yi barci."

"Ƙarya kike, 'yar baƙin ciki." Ya nuna kwamfutar da yatsa. "Ni ta kalla."

Na so in ce wa Gesa ta rubuta kawai, allon katako ne, wa zai tambaya? Na haɗiye, don na san halin gidanmu.

Gesa ta juyo wajensa. "Ba zan rubuta ba, Kaka. In na rubuta, gobe kowane tsoho ya kawo min hoton matarsa ya ce tarihi ne."

Baba ya daɗe yana kallon kwamfutar. Sai ya saki dariya, irin wadda ake yi ana share ido da bayan hannu.

"Na yarda, kin kayar da ni. Da kin rubuta, Almut da kanta za ta taso ta goge, ta ja miki kunne." Ya tura mata farantin. "Ci, azzaluma. Shekara uku ina kallon abin nan kowace safiya, kullum daƙiƙa sha uku take yi ta tafi ta bar ni. Ban san ana iya sa ta ta jima haka ba."

Gesa ta yanki kek, ta tauna, ba ta dube shi ba.

"Ina za ka da kake laluben hula? Ba a gama ba. Doka ta ce kafin a ƙi bidiyo sai an duba shi sau uku a hankali, mai shi yana zaune."

Ni nake buga wa ƙungiya littafin dokokin nan, kuma babu wannan a ciki. Na ja kujera na zauna kusa da su.

Baba ya ajiye hular, ya gyara tabarau.

"To, alƙaliya, kada mu karya doka. Ki ƙara rage mata gudu."