Malam Ƙetare Ya Juya Aji

A yi wa makarantarmu barka, domin Allah ya azurta ta da malamin da ilminsa ya fi ƙarfin allo da alli. Malam Ƙetare ke nan, mai koyar da lissafi a aji biyu. Bai taɓa tsallake ko iyakar gari ba, amma tun da aka saka shi a wani zauren intanet na malaman ƙasashen duniya, tafiyarsa ta zama irin ta mai saukowa daga jirgi. Kwat ba ta barin jikinsa ko gumi na zuba. Ko gaisuwa ka yi masa, sai ya duba agogo ya sanar da kai ƙarfe nawa ne yanzu a wajen abokan aikinsa.

A zauren ana musayar dabara ne kan koyarwa a juye: yara su kalli darasi a waya a gida, in sun zo aji malami ya zauna da su a warware aiki tare. Malam Ƙetare ya kama rabin farko da hannu biyu, rabi na biyu kuwa ya wuce shi yana gyaran wuyan riga. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

"Shiga aji ai tsohon yayi ne," in ji shi a ɗakin malamai, ƙafa ɗaya kan ɗaya. "Mu a matakin duniya mun wuce nan. Ku dai ku ci gaba da shaƙar alli."

Ya sa matarsa ta riƙe waya, ya jero littattafan aro a bayansa, ya ɗauki darasin raba lamba. Ya fara da tarihin kakansa, ya gangaro kan wahalar da ya sha a karatu, ya karanto sunayen ƙasashen da ke cikin zauren. Kafin a iso lissafi, hannun baiwar Allah ya sage, cajin waya ya ƙare. Haka ya tura wa iyaye.

A gidaje da yawa waya ɗaya ce, ita ma tana aljihun uba a wajen nema. Yaran da suka samu kallo sun haddace sunan kakan Malam, raba lamba kuwa sai dai a mafarki, ga jarrabawa ta ƙarato. Wata uwa ta zo har ofis ta ce, "Malam, don Allah yaushe za ka shiga wajen yaran nan?" Ya dube ta da tausayi, ya bayyana mata cewa ci gaba yakan yi wa mutane ɗaci da farko. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Shugabar makaranta ta aika masa kira ya fi a ƙirga, kullum yana "cikin taro". Da ta gaji, ta kwashe yaran ta haɗa su da na ajin kusa, suka matsu uku-uku a benci suna koyon abin da ya kamata. Ba wanda ya gaya wa Malam. Shi ma bai tambaya ba.

Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Zauren ya shirya taron kai tsaye, kowa ya nuna ajinsa yana aiki. Wata malama ta nuna yaranta sun kewaye tebur suna gardama kan amsa. Wani ya nuna nasa suna gyara wa juna. Da aka zo kan Malam Ƙetare, ya yi jawabi har fuskokin da ke kan kwamfuta suka fara hamma da harsuna daban-daban. Jagorar taron ta katse shi cikin ladabi, ta ce suna ɗokin ganin ɗalibansa.

Ya ɗauki kwamfutar bisa hannu biyu, ya ratsa baranda, malamai na biye da shi don kada a ba su labari. Sai da ya wuce ƙofar ajin, wani ya ja kwat ɗinsa ya nuna masa.

"Duniya," ya ce da murya mai kauri, "ga 'ya'yan dabarata!"

Ya tura ƙofa. Kujeru a kife kan tebura, ƙafafu sama. Yanar gizo-gizo a silin, tsintsiya a lungu, kwanan watan farkon zango yana nan a allo. Wani ƙadangare ya ɗaga kai ya gyaɗa wa baƙi.

"Ina yaran?" in ji jagorar.

Malam Ƙetare ya share gumi, ya gyara tsayuwa.

"Kamar yadda kuke gani," ya ce, "mu a nan har kujerun mun juya."